Tambaya da Amsa: Wayar ɗalibin ce ko shafinmu ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani laburare na jama'a a nan cikin birnin Kano, bara muka buɗe shafin intanet. Wani ɗalibi makaho da ke zuwa wajenmu ya ce in ya shiga, ba abin da wayarsa ke faɗa masa sai "hoto, hoto". Wanda ya gina mana shafin kuma ya ce matsalar daga wayar yaron ce. Wa ke da gaskiya? Daga wata ma'aikaciya, Gwale.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ɗalibin ne ke da gaskiya, kada a ɗora wa wayarsa laifi.

Makaho da kunne yake karanta shafi. Akwai manhajar da ke furta masa abin da ke kan allo: TalkBack a Android, VoiceOver a iPhone, a kwamfuta kuma NVDA, wadda kyauta ce. Rubutu suke karantawa. In suka ci karo da hoto, sai su nemi ɗan bayanin da aka liƙa masa a gurbin da masu gina shafi ke kira alt. In ba a sa komai ba, "hoto" kawai za su ce su wuce.

Ina kyautata zaton abin da ya fi cutar da ku shi ne sikanin. Mu a nan, sanarwa za a buga a takarda, a sa hannu, a buga hatimi, a ɗauke ta a waya a ɗora. Jerin littattafai ma haka, a mai da shi PDF. Mai ido yana ganin haruffa, ita kuwa manhaja takarda ce fara fat a wajenta. Lokutan buɗewa, sharuɗɗan rajista da jerin littattafai, duk a sake buga su da kibod kai tsaye a shafin. Riba biyu ke nan, don mai ƙaramar waya da datar ɗari biyu shi ma zai huta da sauke fayil mai nauyi.

Ki gwada da kanki kafin ki kira maginin. Ki ajiye linzamin kwamfuta gefe, ki yi ta danna maɓallin Tab a kibod, wanda ke tsallakawa daga wannan gurbi zuwa wancan a shafi. In kin kasa kaiwa akwatin neman littafi, to akwai alamar makaho ma zai sha wahalar kaiwa. Sannan ki zuƙo rubutun zuwa kashi 200 cikin ɗari, saboda dattawanmu masu raunin gani, ki ga ko layuka sun hau kan juna.

Shi kuma maginin, ki ce masa ya bi WCAG, wato ƙa'idojin sauƙaƙa shafukan intanet ga masu buƙata ta musamman, na ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, bugu na 2.2 da ya fito a 2023, a matakin AA, wato na tsakiya. A ciki zai ga cewa bambancin launin rubutu na yau da kullum da na bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1, kuma bidiyo sai da rubutun magana a ƙasa saboda kurame. Ba alfarma ba ce: tun Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya. In an gyara, ɗalibin nan za ki ba ya gwada, ba maginin ba.

Tambaya: Malam, in na nemi "ƙasa" a shafin makarantarmu ba ya fitowa, alhali ga shi ina gani. Daga wani malami, Fagge.

Amsa: Malam, wataƙila da tsohon font (salon haruffa) na Hausa aka rubuta, irin wanda ke ari wata alama ya ba ta siffar ƙ ko ɗ. Ido na ganin ƙ, kwamfuta na ganin wani abu daban. A sake bugawa da haruffan Unicode, wato tsarin haruffa na bai-ɗaya da kwamfutoci ke ganewa; Gboard, kibod ɗin waya na Google, na da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ in ka zaɓi Hausa.