Hukuncin tara tsofaffin kwabban azurfa na Denmak

Tambaya: Assalamu alaikum malam, ni ɗan Nima ne a Akara, tun da na ziyarci gidan Christiansborg da ke Osu wanda 'yan Denmak suka riƙe har suka sayar wa Ingila a 1850 nake sha'awar tsofaffin kuɗinsu na azurfa, ina saye a gwanjon intanet, wani lokaci mukan yi musanya da abokai, ya halatta? Kuma da zakka a kai?

Amsa: Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Tarawar kanta ba laifi in dai ba ta kai ga almubazzaranci ba ko ta danne haƙƙin iyali. Hoton sarki ko tambarin masarauta ma bai hana ba, don sahabbai sun yi ciniki da dinarin Rumawa da dirhamin Farisa masu hotuna, sai zamanin Abdulmalik bin Marwan aka buga kuɗi mai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan hijira.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen ciniki. Ɗauki fiyasta, wato kwabon azurfar Denmak da aka buga zamanin sarki Christian na 7 mai shekarar 1771 da 1777, wadda aka kwaikwayi dalar Sifen mai ginshiƙai biyu don fataucin gabashin Asiya, ku a wurinku abin tarihi ne mai tsadar gaske amma a ma'aunin shari'a azurfa ce, tsufanta bai canza mata suna ba. Hadisin Ubada bin Samit a Muslim ya ce azurfa da azurfa sai daidai da daidai, hannu da hannu. To in ka ba abokinka kwabbai biyar ya ba ka ɗaya wai don tasa ta fi wuyar samu, kun faɗa riba ko da kowa ya yarda. Mafita ita ce wadda Annabi (SAW) ya nuna wa Bilal a kan dabino: ka sayar da naka ka karɓi kuɗi, sannan ka sayi wancan a ciniki na daban.

In da sidi ko dala ko yuro za ka saya, farashi ko nawa ne babu komai tunda jinsi ya bambanta, sai dai sharaɗin karɓa nan take yana nan, saboda mafi yawan malaman zamani sun ba kuɗin takarda hukuncin zinariya da azurfa. Nan gwanjon intanet ke da matsala, ka tura kuɗi yau kaya su iso bayan sati uku. Ka samu wakili amintacce a can ya karɓa a zaman da aka biya, sai ya aiko maka. Na san da wahala da ƙarin kashe kuɗi, amma ni dai ban ga wata hanya mai tsafta ba.

Zakka kuwa, nisabin azurfa dirhami 200 ne, kusan giram 595. Fiyasta ɗaya wajen giram 27 ce kuma ba zalla ba ce, ka ga sai ka tara ashirin da wani abu, amma ana haɗa ta da sauran kuɗinka a cika nisabi, shekara ta zagayo ka fitar da ɗaya cikin arba'in na nauyin. In don sayarwa kake tarawa, ka ƙiyasta da farashin kasuwa, shi ya fi zama kariya.

Na jabu sun yi yawa, wanda ka gane kwafi ne kada ka sayar sai ka faɗa wa mai saye. Wallahu a'alam.