Wai a gidanmu ba a tsufa cikin kaki?

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Allah Ya tsare ku a duk inda aka tura ku.

Saƙonka ya iske ni bayan isha'i, na yi dariya har Innarku ta leƙo tana tambayar ko lafiya. Wai kana son ka ji ko gaskiya ne al'adar gidanmu ce ba a tsufa cikin kaki, tunda wa'adin da ka sa wa hannu ya kusa cika, kana kuma tunanin ko ka zarce har shekara 35 ko ka ajiye ka dawo gida. Wa ya ƙirƙiro maka wannan al'adar? Mu majema ne, gadonmu fata da bagaruwa, ba mu da wata doka a kan kaki. Amma da dariyar ta wuce sai jikina ya yi sanyi, don na san soja ba ya yin irin wannan tambayar haka kawai. Ko dai ya binne aboki kwanan nan, ko kuma maiɗakinsa ta fara magana.

Kakanka bai taɓa cewa aikin soja haramun ne ba. Abin da ke akwai ƙyama ce, ita ma gadonta ya yi. A 1903, ranar da Turawa suka ci Sakkwato a filin Giginya, fararen fatan da ke wurin ba su taka kara sun karya ba. Masu riƙe da bindigogin baƙaƙe ne irinmu, da yawansu ma Hausa suke ji. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'a, aka cim masa a Burmi a cikin shekarar, ya yi shahada. Mahaifin kakanka yana yaro a lokacin, ya ga garin ya watse da idonsa. To a kunnen mutanen wancan zamani, soja shi ne wanda ya ɗaukar wa Nasara bindiga. Ikon Allah, yau ga barikin soja a garin nan yana amsa sunan Giginya, muna kuma yi wa na cikinsa addu'a a masallaci.

Mu da muka taso mun iske mazan jiya, waɗanda suka je yaƙin Bama a zamanin Hitila. Za ka gan su da tsohuwar rigar sanyi ta soja da lambobi a ƙirji, wasu dogarai, wasu 'yan doka, wasu masu gadin kantunan Turawa. Muna bin su muna sara musu, suna korarmu. Manya kuwa sai su ce, "Soja marmari daga nesa." Ko da Sardauna ya riƙa kwaɗaita wa yaran Arewa shiga soja bayan samun 'yanci, a unguwarmu ana jin maganar ne da kunne ɗaya.

Sai yaƙin basasa ya ɓarke a 1967. Sojan Najeriya da ba su wuce kusan 10,000 ba, kafin a gama yaƙin sun doshi 250,000. Ka ga kenan ba a tsaya zaɓe ba, duk saurayin da ke da ƙafa da ƙirji ɗauka ake yi. A cikinsu har da yayanmu, wanda kuka taso kuna kira Baffa Samanja. Bai yi sallama da kowa ba. An aike shi kasuwa da jemammun fatu, ya sayar, ya aiko da kuɗin cif ta hannun wani maƙwabci, ya hau babbar mota zuwa Gusau, don ka san dogo bai taɓa isowa Sakkwato ba, daga can jirgin ƙasa ya kai shi Zariya, inda ake horar da kuratan soja. Kakanka bai ƙara ambatar sunansa ba. Kakarka ce kullum in an kunna rediyo sai ta matso kusa da zaure da tsintsiya a hannu, wai shara take yi.

An gama yaƙi a Janairun 1970, Babbar Sallah ta biyo baya ba da jimawa ba. Ka san a gidan majema bayan layya ba a ganin ƙasa don fatu. Ran nan da hantsi muna bakin aiki, sauran sanyi-sanyi, ni ina ɗibar ruwan toka ina zubawa a kwatarniya, sai muka ji ihun yara daga bakin lungu. Ga shi nan tafe, kaki ya sha guga har yana tsayawa da kansa, igiya biyu ta kofur a hannun riga, takalmi yana ɗaukar ido, wani yaro ɗauke da akwatin ƙarfe, wani rungume da rediyo mai jakar fata. Matan unguwa sai guɗa. Ni dai ban san lokacin da na saki ƙwaryar ba. Wallahi a ranar da an ce mini ga motar Zariya, da ko hula ba zan koma ɗauka ba.

Ya shigo har inda kakanka yake zaune a kan gungume yana kankare gashin fata. Ya buga ƙafa, ƙasa ta amsa, ya sara masa. Wuri ya yi tsit. Tsohon bai ɗaga kai ba. Ya gama fatar da ke hannunsa, ya jefa ta a ruwa, sannan ya dubi ƙanensa da ke gefe, ya ce, "Wanga baƙo mi shika biɗa? Ku hwaɗa mai ɗiyan gidanga ba su gaisuwa tsaye. Shi koma waje shi hidda takalma, kana shi shigo."

Mutumin da ya ga abin da ya gani a bakin daga, sai ga shi ya juya sumui-sumui. Takalmin nan mai igiya har ƙauri, kwance shi ma aiki ne, yana tsugune a ƙofar gida yana fama, yaran da suka rako shi suna kallo. Ya dawo ƙafa ba takalmi, ya durƙusa cikin laka da ruwan jima, gwiwar kakin nan mai guga ta jiƙe sharkaf. Kakanka ya bar shi a haka har ya gaji, sannan ya amsa, ya tambaye shi hanya kamar wanda ya dawo daga Wurno. Bai ce masa uffan a kan guduwarsa ba. Sai ya miƙa masa wuƙar kankarewa da fatar jan akuya, ya ce, "Taya ni."

Yayanmu tun yana ɗan shekara bakwai yake wannan aikin, amma hannun ya manta. Ya danna da ƙarfi, wuƙar ta huda fatar a tsakiyar baya, daidai inda kuɗinta yake. Kakanka ya karɓa, ya ɗaga ta sama, ya leƙa mu ta cikin hudar, ya faɗi kuɗinta, ya ce a biya shi yanzu. Kofur ya laluba aljihu ya biya, kowa ya fashe da dariya, har shi. A nan ne tsohon ya faɗi maganar da na riƙe har yau: "Bindiga ta gwamnati ta, ranar da sunka so suna amshe abinsu. Wagga wuƙa kau taka ta, in ba kai kay yada ta ba." Ya sa masa albarka, ya ce a yanka ɗan akuya. Kakarka duk tana bayan zana, ba ta iya fitowa ba sai da aka kira ta.

Ɗaki ɗaya muka kwana da shi har fas ɗinsa, wato hutun da aka ba shi, ya ƙare. Da rana mutum ne mai raha, yana rabon sigari da labarin garuruwa, yana wata Hausa ta bariki da ke ba tsofaffi haushi. Da dare kuwa ba ya barci. In na farka sai in gan shi zaune ya jingina da bango yana fuskantar ƙofa. Yana cikin waɗanda aka sa su ƙetare Kwara zuwa Anacha a ƙarshen 1967, inda ruwa da wuta suka ci mutane da yawa. Wannan a bakin wani abokinsa muka ji, shi bai taɓa faɗa ba. Abin da na sani, har ya koma ga Allah bai sake shiga kwalekwale ba, ko a gulbin Rima da rani, lokacin da yaro ma yake takawa da ƙafa.

Duk mun ɗauka zai ajiye. Bai ajiye ba. Ya ce igiya ta uku ta kusa, bari ya karɓa. Da ya karɓa ya ce saura kaɗan ya cancanci fansho. Haka aikin yake jan mutum, kullum akwai wani abu kaɗan a gaba da bai kamata a bari ba. Inugu, Badun, Jos, har Labanan ya je aikin Majalisar Ɗinkin Duniya. Lokacin da kakanka ya rasu an buga masa wayar tangaraho, ta same shi bayan an yi addu'ar bakwai. Kakarka ta ce, "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi," ba ta ƙara ba.

Ya dawo da muƙamin samanja da furfura. Kuɗin sallama ya sayi Peugeot 504 ya ba direba, shi bai san kan mota ba, direban kuwa ya sani, sai motar ta cinye kanta. Jima ta riga ta wuce shi, fatun ma a lokacin dillalai sun fara kwashe su ɗanyu zuwa masana'antun Kano. Sai gadi. Na sha raka shi tantance 'yan fansho, tsofaffi a layi cikin rana da takardu a leda, mutumin da in ya daka tsawa fareti ke tsayawa cak yana roƙon yaro sa'an ɗansa ya duba masa fayil. Wannan ya tsaya mini a rai.

Amma kada ka ce na ce asara ya yi. 'Ya'yansa duk a makarantar bariki suka yi karatu, mata da maza, a lokacin da mu nan muke ta gardamar ko a sa 'ya mace boko. Babbarsu ka san ma'aikaciyar jinya ce, ita ta riƙe gidan. Ya san ƙasar nan ciki da bai, yana da amini a kowace ƙabila, in rigima ta tashi a unguwa shi ake kira don ba ya tsoron fuskar kowa. Gab da rasuwarsa na tambaye shi, da za a mai da shi saurayi, zai sake hawa motar Gusau? Ya ce har ma da gudu, sai dai wannan karon zai yi sallama. To ka ji. Ni da ban taɓa riƙe bindiga ba me zan ƙara a kan wannan?

Na san za ka kawo mini misalin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, kowane yaro shi yake kawowa. Gaskiya ne, ya shiga makarantar hafsoshi ta Kaduna a 1975, ya yi shekara 31 cikin kaki har Birgediya Janar, daga nan aka naɗa shi a Nuwamban 2006 bayan rasuwar Sarki Maccido. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka tsohuwar ƙyamar nan ta mutu a Sakkwato. Sai dai shi ta ƙofar hafsoshi ya shiga, kai ta Zariya ka shiga kurtu, kuma tsufan hafsa daban, na mai igiya daban. Akwai hanyar da soja mai takarda yake bi ya zama hafsa. Karatun da ka ce za ka ci gaba da shi, ina aka kwana? Tun bikin ƙanwarka nake jin "ana nan ana shiri".

Kuma yaƙin yanzu ba a Anacha yake ba. Yana Isa, yana Sabon Birni, yana Rabah da Goronyo, garuruwan da muke sayen fata. Runduna ta 8 a nan garin hedikwatarta take. In kowane ɗan kirki ya ajiye kaki ya dawo kasuwar waya, wa zai tsaya wa mutanen nan su yi noma? Da kakanka yana raye ya ga 'yan gudun hijira suna bara a bakin masallacin Shehu, ina jin da kansa zai ɗaure maka igiyar takalmin. Wannan yana cikin abin da ya hana bakina cewa ka dawo.

Abin da ba na so a yaran yanzu, komai da lissafin wata ake auna shi. Wane yana sayar da waya ya fi ni samu, wane ya yi mota. Ga hotuna da kaki a Facebook, ana jingina da motar yaƙi, uwa tana gida ba ta runtsa ba. Sannan magana mai nauyi irin wannan a turo ta a waya tsakar dare. Mu a da, mutum wanka yake yi ya sa riga ya zo zaure ya zauna, a sha fura, sai an kusa tashi ya ce dama akwai 'yar magana.

Ka shiga kana ɗan ashirin. In ka cika 35 ɗin, za ka fito kana da 55, ɗanka na fari ya riga ya yi iyali, yawancin tasowarsa a waya ka ji ta. Na san akwai cibiyar da ke Oshodi a Legas inda ake koya wa soja sana'a in ya kusa ritaya, abu ne mai kyau, amma 'yan watanni ba sa mai da hannun da ya shekara talatin bai taɓa komai ba sai bindiga. Ka tambayi mahaifiyarka, ka tambayi maiɗakinka, kuma ka bar ta ta gama magana kafin ka amsa, ba fareti ba ne. In ka samu fas ka je ka zauna da tsofaffin soja, ka nemi wanda ya fita da wuri da wanda ya kai ƙarshe, kowanne ka ji ta bakinsa shi kaɗai.

Sai maganar gonarka ta fadamar Kware. Ɗan gwaggonka yana tambaya ko a bar masa ita bana ma, lokacin dashen albasa ya matso, kuma ya ce in za ka sa kuɗin injin ban-ruwa sai ku yi tarayya a raba amfani. Ni na ce masa ba zan yanke ba sai na ji daga gare ka. Ka ba ni amsa kafin Juma'a, don irin ba ya jira.