Asu ya cinye min kayan sanyi, kafur ma bai hana ba

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min. Na buɗe akwatin da na ajiye kayan sanyinmu tun bara sai na tarar suwaitar maigida da bargon ulu duk sun hudu, wani wajen zaren ma ya saki, ga wani abu fari-fari kamar yanar gizo a jiki da ɗan gari kamar yashi. In na buɗe sif kuma sai in ga wasu ƙananan ƙwari masu ruwan zinare suna gudu suna ɓuya. Na zuba kafur, na fesa maganin sauro, amma har yau suna nan. Ga shi ina da jariri ɗan wata biyu, kayansa ma a sif ɗin suke. Ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, sannu da wannan asara, na san ciwon ka ajiye kaya lafiya lau ka dawo ka tarar da shi kamar rariya. Amma kafin mu zo kan asu, maganar jaririn ce ta fi tsaya min a rai. Dan Allah yau ɗin nan ki raba kayansa da kafur ɗin, ki shanya su su sha iska sosai har warin ya fita sannan ki wanke. Yawancin kafur ɗin da ake sa wa kaya da wani sinadari mai suna naftalin ake yinsa, kuma jarirai, musamman masu ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, shaƙarsa ko taɓa fatarsu na iya fasa musu jajayen ƙwayoyin jini har shawara ta kama su. Tarayyar Turai ma ta hana sayar da kafur mai naftalin tun 2008. In kin ga idon jaririn ko jikinsa ya yi rawaya kar ki jira gobe, asibiti kawai.

To yanzu asu. Wannan mai fuka-fukin da kike gani ba shi ke cin kayan ba, shi ko abinci ba ya ci, aikinsa kawai ya yi ƙwai ya mutu. Mace ɗaya takan zuba ƙwai 40 zuwa 50 a cikin zaren kaya, in da ɗumi cikin kwana 4 zuwa 10 sun ƙyanƙyashe, sai 'yan tsutsotsi farare masu duhun kai su fito, su ne masu ɓarnar. Yanar da kika gani su suka saƙa ta, garin nan kuma kashinsu ne, in kin duba da kyau za ki ga launinsa ya yi kama da na bargon da suka ci. Tsutsar na iya yin wata ɗaya tana ci, tana iya wuce shekara biyu in yanayi bai mata daɗi ba, shi ya sa fesa maganin sauro bai miki komai ba, masu tashin ya kashe, na cikin zare suna nan suna aikinsu.

Abin da suke so shi ne duk abin da ya fito daga jikin dabba, ulu, siliki, fata, gashi, gashin tsuntsu. Auduga zalla da yadin roba ba su cika damunsu ba sai in an haɗa da ulu ko kuma akwai datti. Kuma nan ne da yawanmu muke kuskure, rigar da aka sa sau ɗaya a ce ai ba ta yi datti ba a ninke a ajiye, alhali gumi da maiƙon jiki da ɗigon abinci su ne ke jawo su. Ki duba suwaitar maigidan, da wuya in ba a wuya da hammata hudar ta fi yawa ba.

Ki ware rana guda ki fito da komai, har wanda kike ganin lafiyarsa ƙalau. Wanda zai jure ruwan zafi ki wanke shi a ruwan da ya kai digiri 50 ko fiye ya yi kamar minti 30, zafin nan yana kashe ƙwai da tsutsa duka, guga mai zafi ma tana yi. Ulu kuwa kar ki kai shi ruwan zafi, zai tsuke ya lalace. Shi sai ki sa a leda ki matse iskar ki ɗaure, ki sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili ya yi sati guda cur ba tare da sanyin ya yanke ba, ni nakan so a fitar sanyin ya sake shi kwana ɗaya a sake mayarwa, ko ki kai masu dirai-kilin. Bargo da darduma masu girma ki shanya a rana ki kakkaɓe ki bi su da buroshi, musamman wajen ɗinki da ninki, don ba sa son haske ko kaɗan. Wanda ya ciwu sosai ki haƙura ki ɗaure a leda ki fitar daga gidan.

Sif ɗin da akwatin kuma kar ki mayar da ko tsinke sai kin share su, kusurwa-kusurwa da tsagar katako, in kina da injin zuƙe ƙura ya fi, amma ki zubar da abin da ya zuƙa a waje nan take. Ki goge da ruwan sabulu ki bari ya bushe ƙarau. Ki ja gado da kujeru ki leƙa gefen kafet inda tsintsiya ba ta kaiwa, gashi da ƙura ke taruwa a wajen kuma sun ishe su rayuwa. Wani lokacin ma tushen abin tsohuwar sheƙar tsuntsu ce a rufin ɗaki.

Bayan haka duk kayan da za su daɗe a ajiye, a wanke su bushe sannan a sa su a roba mai murfi da ke rufuwa ruf ko leda mai zif. Akwai wani tarko mai danƙo da ake sayarwa wanda ke jawo mazan asu da ƙamshin mace, shi kaɗai ba ya gama da su tunda maza kawai yake kamawa, amma zai nuna miki ko da saura. Ki sa ɗaya a sif ki riƙa dubawa duk sati har wata uku, in kin ga sababbi sun maƙale to akwai lungun da kika tsallake, ki koma ki nemo shi.