Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Layukan Zanena Suke Gutsurewa a Kan Katako?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin zane ne a Zariya, kuma ɗan gidan masassaƙa. Na sassaƙa hoton zabuwa a kan guntun falanki, na shafa tawada na buga a takarda, amma siraran layukan gashinta duk sun gutsure, sunana da na sa a ƙasa kuma ya fito a juye. Na ga tsofaffin hotunan tsuntsaye na Ingila da aka ce da katako aka buga su, layukansu kamar silin gashi. Shin hannuna ne bai faɗa ba, ko katakon ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Maganar suna ba ta da wuya, domin duk abin da aka sassaƙa don bugawa a juye yake fitowa. Ka leƙa wurin masu yanka hatimin roba a kasuwa, za ka tarar a juye suke yanka haruffa. Kafin ka ɗauki wuƙa, duba zanen a madubi.

Gutsurewar layuka kuwa, a ganina ba laifin hannunka ba ne. Ka nemi falanki ya yi maka aikin da ba nasa ba. Hanyoyi biyu ne a wannan sana'a, kuma bambancinsu yana ga yadda aka yanko itacen. Ta farko ita ce wadda ka bi, wato katakon da aka tsaga bisa tsawon itace, jijiyoyinsa a kwance, ana aikinsa da wuƙa da kurfi. Idan layi ya bi jijiya sai ya tsaya daram, idan kuwa siriri ne ya gitta ta, sai ya ɓalle. Tsohuwar hanya ce, da ita aka buga wani littafin addinin Buddha a Sin a shekarar 868, da ita kuma Albrecht Dürer na Jamus ya fitar da shahararren hoton karkandarsa a 1515.

Hotunan da suka burge ka na hanya ta biyu ne, wadda Thomas Bewick, mutumin arewacin Ingila, ya yi fice a kanta, musamman da littafinsa na tsuntsayen Birtaniya da ya fara fitowa a 1797. Shi gicciye ake yanko masa itacen, kamar yadda ake yanka rake gunduwa-gunduwa, ta yadda jijiyoyin za su kasance a tsaye, kawunansu ne kaɗai a fuskar da za a sassaƙa. Itacen da aka fi so shi ne wanda Turawa ke kira bokswud, mai tauri da tsukakkiyar jijiya, kuma ba wuƙa ake sa masa ba, sai wani siririn ƙarfe mai tsini da ake turawa da tafin hannu, irin na masu zane a kan tagulla. Tun da babu jijiyar da za a gitta, ƙarfen yana tafiya ta kowace fuska. Sai dai itacen ba ya yin kauri, shi ya sa hotunan suke ƙanana, manyan kuwa sai an haɗa gunduwoyi da yawa.

Shawarata ita ce ka tsaya kan falanki tukuna, ka sauya zanen ya dace da shi. Zabuwa ma ta taimake ka, domin jikinta baƙi ne mai ɗigo-ɗigon fari: bar jikin a cike ya sha tawada, ka ƙwaƙule ɗigon da bakin kurfi. Wajen yanka gefen layi, karkata wuƙar waje yadda gindin layin zai fi samansa faɗi kamar katangar ƙasa, kuma ka riƙa wasa ta a kai a kai, don dasasshiyar wuƙa yagar katako take yi.

Idan ka matsu da gwada hanyar Bewick, kanya tana da tauri da tsukakkiyar jijiya, ta cancanci gwaji; madaci kuwa ramukan jikinsa za su fito a takarda. Gunduwar ta bushe a inuwa sannu a hankali don kada ta tsage, sannan a goge ta da samfefa har ta yi santsi kamar gilashi. Tawadar allo ba za ta yi ba, nemi mai maiƙo ta masu buga takardu, ka shimfiɗa ta siririya da rolar roba, ka ɗora takarda ka murza bayanta da bayan cokali, kana ɗaga kusurwa ɗaya kana dubawa kafin ka ɗauke ta gaba ɗaya.