Kada ka sa wa "the other day" kwanan wata

Ɗana, ka tambaye ni ko "the other day" ita ce shekaranjiya. A'a. Shekaranjiya a Turanci "the day before yesterday" ce, rana ce da za ka ɗora yatsa a kanta a kalanda. "The other day" kuwa ita ce rannan tamu, ko kwanan baya: abin bai jima da faruwa ba, amma mai maganar bai tsaya ƙirga kwanakin ba. Kwana 3, kwana 5, mako guda, duk tana ɗauka. In an kai watanni ta yi nisa, sai ka ce "a while ago".

A aikinmu na tafinta wannan ba abin wasa ba ne, don a babbar kotu da Turanci ake rubuta shari'a, kuma abin da ya fito daga bakinka shi alƙali zai rubuta. Shaida ya ce, "Rannan na gan shi a kasuwa." Kai ka mayar da ita shekaranjiya. Lauya ya miƙe da takardar asibiti, ya nuna cewa shekaranjiya wanda ake tuhuma yana kwance a gado. Shi ke nan, bawan Allah ya zama maƙaryaci a kan ranar da bai taɓa ambata ba. In lauya yana son takamaiman rana, shi zai tambaya. Kai dai ka ba shi maganar yadda aka ba ka, da sako-sakonta.

Sai kuma aikatau, wato kalmar aiki a nahawu, inda yawancin yaranmu ke tuntuɓe. Mu "na gan shi" kaɗai gare mu, Bature kuwa yana da "I saw him" da "I have seen him". Da zarar ka ambaci lokacin da ya wuce, ta farkon za ka ɗauka: "I saw him the other day." Wanda ya cusa "have" a nan ya yi kure, ko da ya ga kamar ta fi armashi a kunne.

Kada kuma ka zubar da "the". "Another day" wata rana ce, galibi a gaba. "Every other day" kuma a yi yau, a tsallake gobe, a yi jibi, irin yadda likita ke rubuta wani maganin. In abin na ɗazu-ɗazun nan ne, yau ɗin nan, "just now" za ka ce.