Tambaya da Amsa: Yaya ake kallon zanen teku na Monet?

TAMBAYA: Na ga hoton wani zane na Claude Monet, rana ja a kan ruwa da ƙananan kwalekwale. Ni dai kamar ba a gama shi ba. Me ya sa ake girmama shi haka? Mai karatu daga Zariya.

AMSA: Malam, abin da ka gani shi ne "Impression, soleil levant", zanen fitowar rana a tashar jiragen ruwa ta Le Havre a Faransa, garin da Monet ya tashi. Ya zana shi a 1872, aka nuna shi a Paris a 1874. Masu suka na lokacin ma cewa suka yi bai kammalu ba, kuma daga sunansa ne wani ɗan jarida, Louis Leroy, ya laƙaba wa wannan salon zane suna "Impressionism". Ƙaramin zane ne, santimita 48 a tsaye, 63 a kwance, yana gidan adana zane na Marmottan Monet a Paris.

Monet bai damu da ƙirga igiyoyin jirgi ba. Hasken wannan ɗan lokaci yake so ya kama kafin ya sauya. Don haka kada ka matse hoton a waya kana neman bayani dalla-dalla, shafe-shafen burushi kawai za ka gani. Buɗe shi a babban allo, ka ja baya kamar taku uku. A nan ne gajerun layukan ruwan lemo za su haɗu su zama hasken rana yana rawa a kan ruwa, bututun hayaƙi da sandunan jiragen da ke baya su fito cikin hazo, kamar yadda gari ke bayyana da safiyar hunturu.

Ga gwajin da ke nuna gwanintarsa: mayar da hoton baƙi da fari a wayarka. Ranar za ta kusan ɓacewa, domin haskenta daidai yake da na sararin da ke kewaye da ita. Launi ne kaɗai ya ɗaga ta, ruwan lemo a kan shuɗi mai toka-toka. Shi ya sa take yi wa ido kamar tana motsi.

TAMBAYA: Ina koyon zane, na gwada wannan salo sai launukan suka koma kamar laka. Ina matsalar? Ɗaliba daga Kano.

AMSA: Malama, kina cakuɗa su a kan ƙyallen ne. Ruwan lemo da shuɗi idan suka gauraya, ruwan ƙasa suke bayarwa. Ki fara shimfiɗa shuɗi da toka siriri, sannan ki ɗora ruwan lemo da kauri, shafa ɗaya, ki ɗaga hannu ba tare da kin koma kansa ba. Ware burushi daban ga kowane launi. Layukan ruwa a kwance ake yin su, na kusa manya, na nesa ƙanana.