Ɗan ƙwallo zai sayar mini da fura?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da ɗan ƙaramin kamfanin fura da yogot na roba a Zariya. Ɗana ya matsa mini lamba in biya wani ɗan ƙwallo mai tashe ya yi mana talla, wai yana da mabiya rututu a Instagram. Kuɗin da ya yanka ya kai ribar wata uku. In biya?
Daga wata mai karatu, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin a ƙirga mabiyansa, ki sa a bincika miki abu ɗaya: shi yaron yana shan fura kuwa?

Ba wasa nake ba. Kin tuna tallan madarar Peak da Kanu Nwankwo, wanda ake kiransa Papilo? Har yau ba a manta da shi ba, domin madara da yaro mai burin zama ɗan ƙwallo sun dace kamar tuwo da miya. Uwa na gani ta gane saƙon ba sai an yi mata bayani ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne George Foreman, ɗan damben Amurka. A 1994 ya sake zama zakaran duniya yana da shekara 45, ga shi ƙato, kowa ya san shi da son cin nama. Sai aka sa sunansa a kan wata na'urar gasa nama mai tsiyayar da kitse. Mutane suka yarda, don in mai ci irin Foreman ya yaba abin gashi, to ya san abin da yake faɗa. An sayar da fiye da miliyan 100, kuma a 1999 kamfanin Salton ya sayi haƙƙin amfani da sunansa a kan dala miliyan 137.5.

In kuwa ba a dace ba, a bainar jama'a ake jin kunya. A watan Yunin 2021, lokacin gasar Euro, Cristiano Ronaldo ya zauna gaban 'yan jarida, ya ture kwalaben Coca-Cola biyu gefe, ya ɗaga gorar ruwa. Washegari Paul Pogba, wanda Musulmi ne, ya ɗauke kwalbar Heineken daga gabansa. Kamfanonin nan hukumar gasar suka biya, amma duniya ta ga abin da 'yan wasan ke ji a ransu. Haka Papiss Cissé, ɗan ƙwallon Senegal, ya yi ta taƙaddama da ƙungiyarsa ta Newcastle a 2013 kan rigar da ke ɗauke da sunan Wonga, masu ba da bashi da ruwa, kafin daga baya ya amince ya sa.

Ni a ganina, furarki ta fi lemon kwalba dacewa da ɗan wasa, gero ne da nono, abincin ƙarfi. Sai dai mabiyan nan nasa, nawa ne ke Zariya? Wanda ke Legas ko Landan ba zai sayi furar da ba ta jure doguwar tafiya ba. Ɗan damben gargajiya da ake cika fili dominsa a garinku, ko kyaftin ɗin ƙungiyar unguwa, zai iya fi shi kawo miki ciniki, kuma da sauƙin kuɗi.

In ɗanki ya kafe sai ɗan ƙwallon, ku fara da wata ɗaya, a rubuce: ba zai tallata yogot ɗin wani ba a lokacin, kuma in ya jawo abin kunya yarjejeniya ta warware. Ranar sa hannu ki miƙa masa roba ɗaya mai sanyi, ki ga ko zai shanye.